Tambaya da Amsa: Mai Injin Man Gyaɗa da Shawarar Ɗansa

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar matsar man gyaɗa a Zinder, kuma ina sayen gyaɗa daga Matamaye da Magariya ta hannun dillalai. Ɗana da ya kammala Jami'ar André Salifou ya matsa mini cewa sai mun mayar da saye da lissafinmu cikin waya da kwamfuta, wai haka manyan masana'antu suke yi don kada kayan aiki su yanke musu. Shin akwai amfani a ciki ga irinmu, kuma wa ya kamata ya riƙe ragamar abin? Daga Alhaji mai inji, unguwar Birni.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ɗanka yana da gaskiya, sai dai ragamar a hannunka ya kamata ta zauna, domin na'ura tana tara bayani ne kawai, mai masana'anta kuwa shi ke yanke shawarar wanda za a saya wurinsa da wanda za a bari.

Abin da manyan kamfanoni suka koya shi ne mutum ya san asalin kayansa har tushe. Bayan girgizar ƙasar da ta auku a Japan a watan Maris na 2011, kamfanin Toyota ya gano cewa bai san yawancin masu sayar wa masu sayar masa da kaya ba, kuma tsayawar wasu ƙananan masana'antu ta isa ta tsayar da ƙera motoci. Daga nan ya gina rumbun bayanai na masu kawo masa kaya hawa-hawa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan: lokacin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka rufe iyakar Najeriya aka kuma yanke lantarki, wanda duk kayan gyaran injinsa daga dillali guda a Kano suke fitowa ya fi kowa shan wuya.

A wurinka aikin bai kai haka girma ba. Kowane buhu da ya shigo a rubuta garin da ya fito, wanda ya kawo, nauyinsa, farashinsa, da ko gyaɗar ta bushe sosai, sannan bayan matsa a rubuta litar man da ya bayar da yawan tunkuzar da ta rage. A littafi ma ana iya yin haka, amma waya ita ke jera maka lissafin kaka guda cikin minti kaɗan, har ka ga cewa buhunan wani dillali kullum ƙasa da tsakuwa ne a gindinsu, na wani ƙauye kuwa sun fi mai ko da sun ɗan fi tsada. Batun bushewa kada ka raina shi, domin gyaɗar da aka ɗura da danshi tana yin fumfuna mai guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma tana bin tunkuza har cikin ƙuli-ƙulin da yara ke ci. Idan an san buhun da ya kawo matsala, shi kaɗai za a ware.

Inda na fi son ka tsaya shi ne wajen manomi. Masana'anta ba ta ɗorewa idan mai noma mata ya gaji ya koma gero. In bayananka sun nuna maka manoman da gyaɗarsu ke da kyau, ka yi alkawarin saye da su tun kafin shuka, ka aika musu kuɗi kai tsaye ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ranar da aka auna, ka ƙara wani abu ga wanda ya shanya da kyau. Dillalai ba za su ji daɗi ba, kuma sulhu da su aikin dattijo ne, ba na yaron da ya fito jami'a ba. Wasu ma za ka ci gaba da buƙatarsu wajen tattarawa da sufuri.

Kada ka sayi manhaja mai tsada a karon farko. Ka bar ɗanka ya tsara jadawali a waya, magatakarda ya riƙa cikewa a bakin sikeli, ku ajiye kwafi a takarda saboda wuta da intanet ba su da tabbas, kai kuma ka ware yammacin kowace Alhamis bayan an tashi kasuwar Dole ku duba lissafin tare. Ma'aikata suna cike abin da suka ga maigida yana karantawa.