Zanen mutum daga hoton waya ko yana zaune a gabanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Unguwar Rogo, Jos. Ina zana fuskokin mutane da fensir daga hotunan da suke turo mini ta WhatsApp, ina ɗan samun na cefane lokacin bukukuwa. Wani ya ce mini muddin ban iya zana mutum yana zaune a gabana ba, ban fara ba tukuna. Gaskiya ne? Kuma sana'ar tana riƙe mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Mutumin ya tsaurara, amma bai yi ƙarya ba.

Kyamarar waya ta gama yanke hukunci tun kafin ka ɗauki fensir. Ta shafe zurfin fuska, ta kashe launukan da ke cikin inuwa, in kuma daga kusa aka ɗauka sai ta kumbura hanci ta ƙanƙantar da kunnuwa. Kai kuma ka zauna ka kwafe duk wannan da ƙwazo. Shi ya sa zane kan yi kama da hoton sak, amma mahaifiyar mai hoton ta duba ta ce ba ɗanta ba ne.

Ka samu abokin da zai zauna maka. Ka ajiye shi kusa da taga guda, ka rufe sauran, hasken ya zo daga gefe ɗaya. Ka sa alli ka shata inda ƙafafunsa da na kujera suke, domin bayan minti 20 ko 25 dole ya tashi ya miƙe, kuma kana so ya dawo daidai wurin. Sai ka miƙe hannu sosai, ka rufe ido ɗaya, ka auna kansa da fensir da babban yatsa. Tsayin baligi yakan yi tsawon kansa sau bakwai da rabi, idanu kuma a tsakiyar kai suke, ko da yake kusan duk ɗan koyo sama yake kai su. Gashin ido da ƙyallin ƙwayar ido, waɗanda na san su ne abin alfaharinka, su ne na ƙarshe. Ranar da ba ka da mai zama, ka je kasuwar Farin Gada da takarda da gawayi, ka ba kowane ɗan dako minti biyu. Ba zai tsaya maka ba, kuma amfanin ke nan.

In ka koma fenti, launi huɗu sun ishe ka da farko: fari, baƙi, ja, da rawaya mai kalar ƙasa. Nan za ka gane fatarmu ba ruwan ƙasa zalla ba ce. Goshi yakan ɗauko shuɗin sama, ƙasan haɓa ya ɗauko launin riga. Fentin mai kuwa, shafin farko a tsinke, na sama a ƙara masa mai, in ba haka ba ya tsattsage daga baya. Sanyin Jos yana jinkirta bushewarsa, don haka da hunturu ka juya fuskar zanen bango saboda ƙura. Makarantun Turai suna koyar da zanen jikin ɗan Adam da mutum tsirara. Mu ba ma bukata, gano kafaɗa da gwiwa a ƙarƙashin babbar riga ma aiki ne ja.

Batun riƙe mutum, tana riƙewa, amma ba da gudu ba. Ben Enwonwu, fitaccen mai zane ɗan Najeriya, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta zauna masa har ya kammala siffarta ta tagulla a 1957, ya rasu a 1994. Zanensa mai suna Tutu sai a 2018 aka sayar da shi fam miliyan 1.2 a Landan. Yusuf Grillo, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, koyarwa ya riƙe shekaru da dama a kwalejin Yaba da ke Legas. Yawancin masu zanen mutane haka suke, koyarwa da aikin oda ke ciyar da gida. In kana da takardun shiga jami'a, sashen zane na ABU Zariya yana nan.

Kada ka bar aikin WhatsApp ɗin. Ka dai riƙa karɓar rabin kuɗi kafin ka fara, ka nemi mai oda ya zauna maka ko da awa ɗaya ce, sannan ka ƙarasa da hoto. A gefe ka tara zanen da ba wanda ya sa ka, domin gidajen baje kolin zane na Abuja shi za su nemi gani, kuma suna cire kasonsu daga kuɗin, ka tambayi nawa ne tun kafin ka ajiye musu aiki.