Ku Tambaya Mu Amsa: Laftof ko Kwamfutar Hannu ga Ɗalibar Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, kuma Allah cikin ikonsa ya sa 'yata ta fari ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero ta Kano, inda za ta karanci ilimin tattalin arziki. Na ɗauki adashina domin in saya mata na'urar karatu. Ita hankalinta ya karkata ga kwamfutar hannu, wadda suke kira tab, saboda ba ta da nauyi kuma cajinta yana daɗewa, kawunta kuwa ya ce laftof ta fi. Kuɗin ba zai sayi biyu ba. Wacce za mu ɗauka?

Daga wata uwa a Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Shawarata ita ce ki bi maganar kawunta ki sayi laftof, ko da kuwa wadda aka taɓa amfani da ita ce.

Yarinyar ba ta faɗi ƙarya ba. Kwamfutar hannu tana iya yin yini guda da caji ɗaya, kuma ƙaramin batirin ajiya ko farantin sola ya ishe ta, wanda ba ƙaramar fa'ida ba ce a ɗakin kwanan ɗalibai inda wutar lantarki take zuwa ta tafi ba sallama. Don karanta littafi da kallon darasi kuwa, ba ta da na biyu. Sai dai ɗalibin jami'a ba karatu kaɗai ake nema a wurinsa ba, ana son ya rubuta. Tun daga aji ɗaya za a fara ba ta aikin gida, kuma a shekarar ƙarshe za ta rubuta kundin bincike mai shafuka da yawa, da jadawali da alƙaluma. Manhajojin da ɗaliban fanninta suke nazarin alƙaluma da su, irin su SPSS da Stata, an yi su ne don kwamfuta sosai, ba sa hawa kan kwamfutar hannu mai Android. Na taɓa zama kusa da wata 'yar ƙanwata tana fama da gyaran babi na uku da yatsa ɗaya a kan gilashi, rabin fuskar na'urar haruffa sun rufe ta, duk sanda ta so ta gyara layi ɗaya sai wani ya goce. A ƙarshe shagon buga takardu ta koma, tana biya shafi shafi, har abin da ta kashe ya kusa kai rarar da aka yi tun farko wajen sayen kwamfutar hannu maimakon laftof.

Yanzu sai batun saye, domin a nan ne kuɗin adashi yake iya salwanta. Ku nemi irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis, kamar Dell Latitude ko HP EliteBook ko Lenovo ThinkPad, saboda sun fi jure wahala kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a wurare irin su titin Beirut a Kano. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wato babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta, idan ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kamfanin Intel ce, a ƙa'ida tana buƙatar ta zubi na 8 ko sama da haka. Gane wannan ba shi da wuya: idan an rubuta i5-8250U, lambar 8 da ta biyo bayan karan ita ce zubin, idan kuwa aka ga i5-6300U, to ta zubi na 6 ce, ku bar ta komai ƙyallin jikinta. Kada RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da ake kan yi, ya gaza gigabait 8, ma'ajiyarta kuma ta zama SSD mai gigabait 256 aƙalla, domin ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri da jure jijjiga.

Kada ku biya sai an cire caja a gabanku, an kunna bidiyo na tsawon rabin awa kuna kallon yadda batirin yake sauka. Ita yarinyar ta danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ta gwada kyamara da lasifika da duk ramukan da ake soka filashi, sannan mai shago ya rubuta muku rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da ya yarda a dawo da ita idan matsala ta ɓullo.

Ki kuma ja mata kunne kada ta riƙa ɗora ta a kan katifa ko bargo, domin hakan yana toshe ramukan shan iska. Wanda ya taɓa ganin mai gyara ya buɗe laftof bayan hunturu, ya ciro ƙura dunƙule kamar auduga daga cikin fankarta, ya san dalilin da yake sa ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar aiki. Duk abin da ta rubuta kuma ta riƙa tura kwafinsa zuwa imel ɗinta a ranar, kafin ta kwanta.