Wanne ya dace da kmalloc, GFP_KERNEL ko GFP_ATOMIC?

Malam, ka ce direban na'ura da kake rubutawa a kanel, wato zuciyar tsarin Linux, yana fitar da gargaɗin cewa an kira aikin da ke iya barci (wato tsayawa ya jira) a wurin da ba a yarda da barci ba, kuma kana kiran kmalloc, aikin da ke nemo maka memori, da alamar GFP_KERNEL alhali kana riƙe da spinlock, wato makullin da ba a barci idan ana riƙe da shi.

Tushen matsalar shi ne GFP_KERNEL yana ba kanel damar dakatar da aikinka har ya kwato memori daga wasu wurare, wanda hakan haramun ne a ƙarƙashin spinlock ko a cikin aikin da ke amsa katsewar na'ura. Da mutex, makullin da ya yarda a yi barci, kake riƙe da shi, da babu laifi. A inda kake, GFP_ATOMIC ba ya barci, amma yana cin ajiyar gaggawa ta kanel kuma yana iya dawo maka da NULL, wato bai samo memorin ba, saboda haka wajibi ne ka duba sakamakonsa kowane lokaci.

Ni dai abin da na fi so shi ne ka nemi memorin da GFP_KERNEL tun kafin ka ɗauki makullin, sannan ka yi amfani da shi a ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da kowane kira GFP_ATOMIC don gargaɗin ya yi shiru. Ka bar CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, zaɓin kanel da ke fitar da wannan gargaɗin, a kunne yayin gwaji.

Idan aikinka ya shafi tsarin fayiloli ko rubutu a faifai, inda alamomin GFP_NOFS da GFP_NOIO ke shigowa, ka tuntuɓi masu kula da sashen da fayil ɗin MAINTAINERS na kanel ya ambata.