Narke, Daskare da Dafa Dutse: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata malamar kimiyya daga Wurno ta aiko da tambaya, tana cewa takan koya wa ɗalibanta cewa abu yana kasancewa a ɗaya daga cikin hali uku, daskararre ko mai ruwa-ruwa ko iska, amma takan rasa yadda za ta raba musu narkewar man shanu da narkewar sukari a shayi, tunda duka biyun "narke" ake ce musu. Tana son sanin ko Hausa ta tanadi kalma ta daban ga kowanne.

Malama, kalma ɗaya Hausa ta ba su, kuma ba a kansu kaɗai ta tsaya ba, domin ana cewa abinci ya narke a ciki, ana kuma cewa yaro ya narke wa uwarsa idan shagwaɓa ta motsa. Abin da ya haɗa su duka shi ne abu ya saki jiki ya rasa taurinsa. A fagen kimiyya kuwa al'amura biyu ne mabambanta. Man shanu zafi kaɗai yake bukata: ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi suna riƙe da juna, zafi yana ƙara musu motsi har riƙon ya sassauta su fara zamewa, kuma hakan kan faru tun a wajen digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, abin da ranar Sakkwato ta watan Afrilu take zarcewa nesa ba kusa ba. Shi kuwa sukari ruwa ne ya shiga tsakanin ƙwayoyinsa ya warwatsa su, ko da ruwan mai sanyi ne. Gwajin da zai gamsar da ɗalibai shi ne a nemi a dawo da abin. Narkakken man shanu sanyi kaɗai zai daskarar da shi, amma sukari ko gishirin da ya shiga ruwa sai an ƙafar da ruwan kafin a sake ganinsa. A ganina babu bukatar ƙirƙiro sabuwar kalma da ba wanda zai yi amfani da ita a wajen aji. A ce "ya narke da zafi" da "ya narke cikin ruwa", magana ta fita.

Ta kuma tambayi bambancin "daskare" da "sandare". Daskarewa ta abin da yake ruwa-ruwa ce ya haɗe jikinsa, kamar kitse da manja a lokacin hunturu. Sandarewa kuwa ƙagewa ce, abu ya miƙe ya ƙi lanƙwasuwa, shi ya sa ake faɗinta ga yatsun da sanyi ya kama. Saboda haka "daskare" ce ta dace da ruwan da ya sauka zuwa digiri 0 ya zama ƙanƙara.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce a Gwadabawa, wanda jikansa ya ƙure shi a kan karin maganar nan, "Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa." Yaron ya ce ko shekara aka yi ana iza wuta dutse ba zai dahu ba.

Baba, jikanka ya faɗi gaskiya, kuma dalilinsa yana da ban sha'awa. Ruwan da yake cikin buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a kusan digiri 100, kuma daga nan zafinsa ba ya ƙara hawa ko da an juye masa itacen gari duka. Duk zafin da aka ƙara yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin ruwan da juna su tashi su zama tururi, aikin da yake cin wuta ƙwarai, domin mayar da tafasasshen ruwa tururi gaba ɗaya yana bukatar zafi fiye da ninki biyar na wanda ya kai shi daga digiri 0 zuwa 100. Wannan ne ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, tunda idan ya taɓa fata ya koma ruwa sai ya sauke mata dukkan zafin da ya ɗauka. Dutse kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai ɗaruruwan digiri, galibi ya haura 1,000, don haka ruwan zai ƙafe dutsen yana nan yadda yake. Ko a masana'antar siminti ta Kalambaina da ke kusa da birnin Sakkwato, inda ake gasa dutsen farar ƙasa, zafin wutar yakan kai wajen digiri 1,450, kuma gashi ne ba dahuwa ba. Sai dai masu iya magana ba su jahilci haka ba. Da gangan suka zaɓi abin da kowa ya san ba ya yiwuwa domin su kambama haƙuri, kuma da sun ce ganda ko wake, da maganar ta rasa ƙarfinta.

Akwai wata karin maganar da ta fi wannan kusa da zahiri, wato "Da zafi-zafi akan daki ƙarfe", wadda wasu ke fassarawa da cewa maƙeri narkar da ƙarfe yake yi. Wanda ya taɓa tsayawa a Maƙera Assada, unguwar maƙera a birnin Sakkwato, ya ga ana zuga zugazugi ya san ba haka ba ne. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, maƙeri kuwa yana gasa shi ne kawai har ya yi ja ya yi laushi, yana nan a daskararren halinsa, sannan ya dake shi a kan uwar maƙera kafin ya huce. Masu narkarwa na haƙiƙa su ne masu aikin zubi, irin waɗanda ke zuba tukwane da ludaya na alminiyon, wanda yake narkewa a digiri 660, ko maƙeran fari masu aikin azurfa, wadda take narkewa a digiri 962. Ga mai ƙirar fartanya da gatari ana cewa ƙarfe "ya yi ja" ko "ya yi laushi", ga mai zubi kuma a ce "ya narke".