Amsa ga mai tambayar bindigar .22: a wurin madubi aka cuce ni

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta shekara shida da suka wuce. Ka ce kun koma bayan gari, uwargida ta shuka wake da kuɓewa da yakuwa, kurege da gurandihog (wata dabba mai haƙa rami, dangin kurege amma ta fi shi girma) sun hana ku ganin amfani. Kana da dala 400, kana son bindigar .22, wato mai ƙaramin harsashi, da madubin hange, kuma kana so ku riƙa harbin gwangwani kai da yaronka ranar Asabar, ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin Ruger 10/22 mai sarrafa kanta da mai ɗanawa da hannu. Abin da ya same ni ke nan a nan ƙauyen jihar Ohio ta Amurka, har waken.

Bari in fara da inda aka cuce ni, don har yau abin bai bar raina ba. Bindigata ta farko Marlin Model 60 ce da na saya a hannun wani, tsohuwa amma lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Madubin ne na je nema wurin baje-kolin bindigogi da ake yi a wani gari kusa da mu. Wani dattijo mai tebur ya gan ni baƙo, ya ji harshena, ya gane ban san komai ba. Ya ɗauko wani ƙaton madubi mai ƙara girma daga ninki 4 zuwa 12, ya ce da wannan ko ƙuda zan gani a yadi ɗari biyu. Na faɗa masa a fili cewa .22 ce gare ni, kuma dabbobin lambu zan harba a kusa. Ya ce ai shi ya fi dacewa. Ya haɗa mini da wasu zobban ɗauri masu arha, na ƙirga masa dala 140, har ya dafa kafaɗata ya kira ni aboki. Wannan dafa kafaɗar ita ta fi yi mini ciwo daga baya.

Madubin na manyan bindigogin farautar barewa ne, an daidaita shi a yadi 100 kuma ba shi da wurin gyarawa. Idan ka auna abu a yadi 25 ko 30 da irinsa, ka ɗan motsa idonka, za ka ga gicciyen saitin yana yawo a kan abin alhali bindigar ba ta motsa ba. Shi ne ake kira faralaks. Ban da wannan, cikinsa ya riga ya lalace, ba ya riƙe saiti. Yau in daidaita shi, gobe harsashi ya tafi inci uku hagu. Zobban kuma suna zamewa a kan siririn layin da ke saman bindigar. Wata biyu ina zargin hannuna da idona. Da aka sake baje-kolin na koma da madubin, mutumin ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ganina ba. Ina riƙe da kayansa, ga tambarin teburinsa a jikin kwalin, ya ce bai san ni ba. Na bar shi da Allah.

Amma asarar kuɗin ba ita ce babba ba. Wata yamma gurandihog ya fito bakin kunyar wake, tsakaninmu bai fi yadi talatin ba. Na auna kansa, na ja kunama, harsashi ya same shi a ƙugu. Ɗan'uwa, da idona na ga dabbar nan tana jan ƙafafun baya, tana kuka, har ta shige raminta. 'Yata mai shekara bakwai tana tsaye a taga tana kallo. Na durƙusa bakin ramin ina jin motsinta a ciki, babu yadda zan kai gare ta in ƙarasa ta. Daren nan ban yi barci ba. Yarinyar ta tambaye ni, Baba, zai warke? Na rasa amsar da zan ba ta. Bayan kwana huɗu wari ya fara fitowa daga ramin. Mu da aka koya mana cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wurin kisa da yanka, ga abin da na yi wa halittarSa saboda na harba da kayan da ban tabbatar da su ba. Sai da na yi kusan wata uku ban taɓa bindigar ba.

Shi ya sa nake roƙonka, kada girman madubi ya ruɗe ka. Nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na ƙananan bindigogi irin .22 ne, waɗanda yawanci aka daidaita su a yadi 50, ko wanda yake da zoben gyara nisa a bakinsa. Mai ninki 2 zuwa 7 ya ishe ka, ko 3 zuwa 9. Ni yanzu Vortex Crossfire II nake amfani da shi, mai 2-7x32 na .22, kuma kusan kullum a kan ninki 4 nake barinsa, domin idan ka ƙara girman sai filin gani ya ƙuntata, kurege ya yi tsalle ɗaya ka neme shi ka rasa. Sannan ka duba saman bindigarka kafin ka sayi zobba. Wasu siririn layi ne gare su na inci 3/8, wasu faffaɗan dandamali irin Weaver ko Picatinny, kuma zoben wannan ba ya kama wancan. Sayi sabo a shagon da zai ba ka rasit.

Batun bindiga kuwa, 10/22 ba ta da laifi. Tun 1964 ake ƙera ta, gidan harsashinta na ɗaukar goma, kayan gyaranta na ko'ina. Amma da yake yaro zai shiga ciki, ni mai ɗanawa da hannu zan ce ka ɗauka, irin Savage Mark II. Duk harbi ɗaya sai ya ja ya mayar, hakan yana sa shi nutsuwa, kai ma kana ganin lokacin da harsashi ya shiga. Mai sarrafa kanta kuwa yaro zai zazzage goma kafin ka ce tsaya. Kuma ita tana buƙatar harsashi mai ƙarfin da zai tura ƙarfenta baya, shi ya sa marasa ƙara irin CCI Quiet, masu gudun ƙafa 710 a daƙiƙa, ba sa juya ta. Mai ɗanawa da hannu duk abin da ka ba ta za ta ci. CZ 457 ta ƙasar Cek ta fi su kyawun aiki a ganina, sai dai ita kaɗai za ta cinye kuɗin da ka ware, ba madubi ba harsashi.

Za ka ji masu cewa ka tsallaka zuwa wani nau'in harsashi, .17 HMR, wadda Hornady suka fito da ita a 2002. Gaskiya tana da gudu, wajen ƙafa 2,550 a daƙiƙa, kuma a yadi ɗari ta fi .22 miƙewa. Amma harsashinta ya ninka na .22 tsada, ƙararta ta fi yawa, ba za ka iya ƙona ɗari biyu a kan gwangwani ranar Asabar ba ranka na kwance.

Kada ka sayi babban kwalin harsashi tun farko. Kowace .22 da irin abincinta. Sayi ƙananan kwalaye uku ko huɗu daban-daban, ka kafa takarda a yadi 50, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka yi harbi biyar-biyar da kowanne. Tawa ta fi son CCI Standard Velocity mai gudun 1,070, wanda bai kai gudun sauti ba, don haka babu wannan tsawar mai tsinka kunne. Na harbin dabba kuwa harsashi mai rami a bakinsa nake sawa, Mini-Mag mai gudun 1,260, kuma idan ka canza harsashi sai ka sake duba saiti, ba wuri ɗaya suke sauka ba. Ni dai na ɗaukar wa kaina alkawari, ba na auna mai rai sai a nisan da na san harbi biyar nawa suna shiga cikin inci ɗaya. Idan ya wuce yadi 50 ina ƙyale shi ya ci waken.

Af, kafin in manta, takardunka. Idan kana da katin zama na dindindin za ka cika fom 4473 a shago a binciki bayananka. Amma mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa, kamar lasisin farauta, don haka kada wani cikinmu ya ara wa ɗalibi bindiga da sunan zumunci. Kira ofishin kula da namun daji na jiharku ka tambaya, domin a jihohi da yawa kurege na da lokacin farautarsa. Idan gidanka ya faɗa cikin iyakar gari, akwai yiwuwar an hana harbi gaba ɗaya. Shaho kuma ko kaji nawa ya ɗauke maka kada ka taɓa shi, dokar tarayya ta kare tsuntsaye ta rufe shi.

Ka karanta jikin kwalin harsashi, za ka ga gargaɗin cewa yana iya kaiwa mil ɗaya da rabi. Kada ka ɗaga baki sama ka auna kurege a kan reshe, kada ka harba kan ruwa ko dutse, yana tsalle. Ni tudun ƙasa na tara a ƙarshen fili, can muke jera gwangwanayenmu, kowa da abin toshe kunne da tabarau. Bindiga a kulle, harsashi a wani wurin daban, mabuɗi a aljihuna.

Kuma gaskiya abin da ya ceci lambunmu rabinsa shinge ne. Na sa ragar waya, na binne gindinta kamar ƙafa ɗaya a ƙasa saboda gurandihog haƙa yake yi, na bar samanta sako-sako don idan ya hau ta lanƙwashe da shi. Bana uwargida ta busar da yakuwa har ta aika wa 'yan'uwa a Columbus. Ku fara yakuwar a cikin gida tun sanyi bai gama fita ba, damina a nan gajeriya ce, idan kun jira ƙasa ta yi ɗumi raɓar ƙanƙara za ta riske ta kafin ta yi zoɓo.

Idan ka je shagon, ɗauki hoton kwalin madubin da saman bindigar ka turo kafin ka biya, in duba maka ko zobban za su kama.