Masu Sauraro Suna Ƙaruwa, Kuɗi Shiru: Ina Haƙƙin Waƙata Ke Maƙalewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashin mawaƙin Hausa ne a Anguwan Rogo, Jos. Ba ni da kamfani, da guminā nake biyan sitidiyo. Na ɗora waƙoƙina a Audiomack, Boomplay da Spotify, kullum ina ganin masu sauraro suna ƙaruwa, amma abin da ya shigo hannuna ko kuɗin data bai mayar ba. Cutata ake yi, ko ni ne ban san kan abin ba? In ci gaba, ko in koma wa masu turi, wato masu zuba wa mutane waƙa a waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Da wuya a ce wani ne ya zauna yana cin kuɗinka. Tsarin rabon ne bai yi da ƙaramin mawaƙin da masoyansa ke Arewa ba.

Spotify ba ya da tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Duk wata yana tara abin da ya samu a kowace ƙasa, na masu biyan kuɗin wata da na talla, ya riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ya raba wa masu haƙƙin waƙa gwargwadon kason kowa a cikin saurare-sauraren ƙasar. Wato tukunya ɗaya kake ci da su Davido da Burna Boy, kuma tukunyar Najeriya ƙarama ce. Lokacin da manhajar ta shigo ƙasar nan a Fabrairun 2021, naira 900 ake biya a wata, alhali mutumin Amurka yana biyan kusan dala 10. An ƙara kuɗin daga baya, amma tazarar tana nan. Shi ya sa sauraro ɗaya daga Landan ya ninka na Jos daraja nesa ba kusa ba. In ka ji kamfanin ya ce mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a 2024, ka sani kaso mai tsoka na kuɗin daga masu sauraron ƙetare ya fito, kuma manyan mawaƙan Kudu ne suka fi samunsu.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke cin irinku. Sai mutum ya saurari daƙiƙa 30 kafin a lissafa. Mu kuwa mun saba buɗe waƙa da dogon kiɗa da gaishe-gaishen makaɗi da mai sitidiyo, kafin amshi ya shigo mai sauraro ya wuce. Ka kawo amshin da wuri, gaisuwar ta koma ƙarshe. Sannan tun 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kan faifanta. Ni a ganina wannan ƙa'ida ba adalci a cikinta, domin ɗan abin da mai ƙaramin ƙarfi ya tara ake juyewa ga waɗanda suka riga suka ƙoshi.

Boomplay yana zuwa a cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel, don haka yana hannun jama'armu, sai dai galibi kyauta suke sauraro, kuɗin talla kuwa bai taka kara ya karya ba. Audiomack yana barinka ka ɗora da kanka, amma ba ya biya sai an karɓe ka a shirinsu na biyan mawaƙa. Ka duba ko kana ciki.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: wa ya ɗora maka waƙa a Spotify? Ba a ɗorawa kai tsaye, sai ta hannun dillali irin DistroKid, mai karɓar kuɗin shekara, ko CD Baby, mai cire kashi 9 cikin ɗari. In wani yaron sitidiyo ne ya taimaka maka da asusunsa, to kuɗin can suke zuwa, kuma a idon kamfanin shi ne mai waƙar. Ka buɗe naka da sunanka da imel ɗinka, ka mayar da waƙoƙin can. Ku rubuta kason makaɗi a takarda, ku sa hannu gaban shaidu tun waƙar ba ta fashe ba, domin bayan ta fashe zumunci ba ya raba gardama. Kuɗin kan yi jinkirin wata biyu zuwa uku, da dala suke zuwa. Masu cewa ka biya su ƙara maka sauraro kuwa, ka guje su. In aka gano, sauke waƙar ake yi.

Batun masoya ya fi damuna fiye da na kuɗin. Manhajar za ta nuna maka cewa ana jinka a Kaduna, Yamai ko Kumasi, amma ba za ta ba ka lambar mutum ɗaya ba. Nata ne su, gobe tana iya tura musu wani. Don haka kar ka yi gaba da masu turi. Mai shagon cajin waya a kasuwar Terminus ta Jos da ya zuba waƙarka a memorin direban Keke, shi ya kai ta kunnen uwar amarya da za ta neme ka ranar kamu, kuma liƙin dare ɗaya na iya fin abin da manhaja za ta ba ka a shekara. Ka kai wa mai shagon waƙar da hannunka, da sunanka da lambar wayarka a jikin hoton waƙar. Duk wanda ya kira ko ya yaba a TikTok, ka ja shi zauren WhatsApp ɗinka, su fara jin sabuwar waƙa kafin kowa.

Ka ci gaba da ɗorawa, amma ka fi ba YouTube ƙarfi, nan ma Hausawan Nijar, Ghana, Kamaru da Saudiyya ke neman waƙa. Yana fara raba kuɗin talla da kai in ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Ka kuma nemi dillalinka ya yi wa waƙoƙin rajistar Content ID, ta yadda duk tashar da ta ɗauki waƙarka ta ɗora, kuɗin tallan da ke kanta zai biyo ka.