Hutun Kwana Uku da Motar Haya: Kun Tambaya, Mun Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata tara ke nan ina aiki a Jamus, kuma lasisin tuƙina na wata ƙasa ne da ba ta cikin Tarayyar Turai. Mun samu hutun kwana uku, ina so in ɗauki motar haya mu leƙa Faransa da iyali. Me ya kamata in shirya? — Wani mai karatu daga Jamus

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar lasisi za mu fara, domin nan ne gizo yake saƙa. Wata shida kacal Jamus take amincewa da irin lasisinka, daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Naka ya wuce wa'adi. Lasisin ƙasa da ƙasa ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya, fassarar na hannunka ne kawai. Tuƙi a haka laifi ne, kuma in aka yi haɗari inshora na iya zame jiki. Ko dai ka canza zuwa na Jamus tukuna, ko wani mai ingantaccen lasisi ya ja motar, a rubuta sunansa a takardar haya.

A wurin haya, ka gaya musu za ku tsallaka iyaka, su rubuta izinin. Ka tambayi adadin kuɗin da zai hau kanka kafin inshora ta fara biya. Kafin a motsa, ka zagaya motar da waya kana ɗaukar hoto: ƙarcen ƙofa, tsagewar gilashi, gefen taya, allurar mai. Ƙarcen da ba ka ɗauka ba, kai za a ɗora wa.

Kowa ya riƙe fasfo da katin zama, har jarirai. A Jamus, yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba, sai da kujerar yara. A Faransa dole motar ta kasance da rigar nan mai ƙyalli da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Birane irin su Paris da Lyon suna neman tambarin Crit'Air, mai nuna matakin hayaƙin da mota ke fitarwa, a gilashi, a nema tun da wuri. Iyakar gudu a babbar hanya kilomita 130 ne a awa, 110 in ana ruwa. Lambar gaggawa 112.

Shawararmu, kada tuƙin yini ya wuce awa huɗu ko biyar, a huta minti 15 duk bayan awa biyu.

Tambaya: Na ji ana zuba man da ba shi ne ba a motar haya. Yaya hakan ke faruwa? — Wata mai karatu

Amsa: Hajiya, yana faruwa sosai. Bakin famfon fetur ya fi na dizal siriri, shi ya sa yake shiga tankin motar dizal ba gardama. Ga kuma bambancin suna: a Faransa "gazole" dizal ne, "sans plomb" fetur. Ki duba rubutun da ke cikin murfin tanki kafin ki ɗaga famfo. In kuskuren ya auku, kada ki tayar da inji, kada ma ki murɗa makulli. Dizal ne ke shafe famfon man motar kamar man shafawa, fetur kuwa wanke shi yake yi, ƙarfe ya ci ƙarfe. A tura motar gefe, ki kira kamfanin haya su zo su zuƙe tankin.